Mene ne kaines, kuma ya aka yi sojojin jikin yayata suka koma sankara?

Autar Mama:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min da bayani don wlh kaina ya kulle. Yayata ce, shekararta 34, yaranta uku. Tun bayan babbar sallar bara take fama da kasala, ga zufa cikin dare har sai ta tashi ta canza riga, abinci kuwa loma uku huɗu ta ce ta ƙoshi, ta rame har ƙashin wuya ya fito amma cikinta sai ƙara girma yake ta ɓangaren hagu. Maganin maleriya kam ba irin wanda ba ta sha ba, taifot ma sau biyu ana yi mata allurai a wani kemis na unguwarmu, mutumin ko gwaji bai taɓa cewa a yi ba, kuɗi dai yake karɓa. Sai da muka je babban asibiti wani likita ya kwantar da ita ya danna ƙasan haƙarƙarinta, na ga fuskarsa ta canza, ya ce saifarta ta sauko har ta wuce cibiya, a je a ɗebi jini yanzu-yanzu. Rizol ya fito wai fararen ƙwayoyin jini 186,000, ya ce na mai lafiya 4,000 ne zuwa 11,000.

Aka tura mu wajen likitocin jini, suka fara ba ta haidiroksiyuriya, irin wanda ƙanin mijinta mai sikila yake sha, nan ma kaina ya ɗaure don ita AA ce. Aka ɗebi ɓargo aka yi wani gwaji mai tsada wai BCR-ABL, ya nuna akwai. Suka ce sankarar jini ce mai suna CML, suka ɗora ta kan imatinib 400mg kullum. Likitan ya ce maganin yana toshe wani abu ne wai kaines, na so in tambaye shi amma layi har waje, ban samu fuska ba.

Toh mene ne kaines ɗin nan? Kuma mu a sakandare an koya mana fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki, ya za a yi yawan sojoji ya zama ciwo? Gado ne, yaranta za su ɗauka? Sannan babbar damuwata, yanzu wata biyar ke nan ta murmure, cikin ya saɓe, jini ya dawo 7,000, sai Kawu ya kafe wai dama jifa ne kuma rubutun da aka sha ne ya yi aiki, a daina ƙwayar nan haka. Ga shi ta fara yin fari har dangin miji suna gulmar bilicin take yi, ita da ko man kirki ba ta shafawa. Ina son abin da zan riƙe in yi wa Kawu bayani cikin ladabi.

Ɗan Bayokem:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Yaya lafiya ya sa kaffara ne. Ni ba likita ba ne, bayokemistiri nake koyarwa, hukuncin magani na likitanku ne, amma kaines ɗin nan kusan kullum sai na zana shi a allo har ɗalibai sun gaji da ni.

Kin san yadda takarda take a ofis, komai kyan rubutunta in ba a buga mata sitam ba ba ta wucewa tebur na gaba. Haka cikin ƙwayar halitta yake. Cike take da furotin iri-iri, su ne ma'aikatan, amma da yawansu zaune suke sai an ba su izini. Kaines shi ne mai sitam ɗin. Shi ma furotin ne, aikinsa ɗaya tal, ya ciro wani ɗan guntu da ake kira fosfet daga jikin ATP, sinadarin da ƙwaya ke ajiye ƙarfinta a ciki, ya manna wa wani furotin. Yana mannawa siffar wancan ta sauya ya miƙe aiki, sau da yawa shi ma wani kaines ɗin ne sai ya buga wa na gaba, na gaba ya buga wa na gabansa, har saƙo ya isa tsakiyar ƙwayar inda ake yanke hukunci, a rabu biyu ne, a dakata ne, ko a mutu. Akwai kuma masu goge sitam, in an gama su cire fosfet ɗin komai ya lafa. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan manna-cire a shekarun 1950, sai 1992 aka ba su Nobel. Ɗan Adam yana da kaines sama da 500, ƙidayar 2002 ta ce 518, kusan 90 a ciki kan wani amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) mai suna tairosin suke manna nasu fosfet ɗin, kuma su ne suka fi rigima a harkar sankara. Abin dariya, a 1979 Tony Hunter ya gano su ne saboda ƙyuyar haɗa sabon ruwan gwaji, ya ɗauki tsoho wanda tsaminsa ya ɗan sauya, shi ne ya raba masa tairosin da ɗan uwansa da kullum suke fitowa a manne. Ba na gaya wa ɗalibaina wannan labarin sai ƙarshen zango.

Yanzu batun Yaya. Akwai wani kaines mai suna ABL, kowa yana da shi, ni da ke da Kawu. A mai lafiya takunkumi gare shi, kansa ne yake lanƙwasowa ya kulle jikinsa, ba ya buga sitam sai an kira shi. Umarnin ƙera shi yana rubuce kan kiromosom na 9 cikin guda 23 ɗin nan masu zuwa biyu-biyu. A kan na 22 kuma akwai umarnin wani furotin daban, BCR, babu ruwansa da ABL. Sai wata rana a cikin ɓargo, a ƙwaya guda ɗaya tak cikin iyayen ƙwayoyin da ke haifar da jini, na 9 ya karye na 22 ya karye, masu gyara suka zo suka ɗinke amma suka yi musaya, kamar tela ya ɗauki wuyan wata riga ya ɗinka a jikin wata. Abin da aka haifa shi ne BCR-ABL, kai na BCR gangar jiki ta ABL. Kan ABL na asali da ke ɗauke da takunkumin ya tafi da yankan. Sabon kan kuma halinsa son taro, yana janyo 'yan uwansa su dunƙule wuri ɗaya suna ta buga wa juna sitam, babu wanda ya kira su babu mai tsayar da su. In kin taɓa ganin babur da totur ɗinsa ya maƙale, toh shi ne.

Saƙon da yake turawa ba ɗaya ba ne. Ta hanyar wani furotin mai suna RAS yana cewa a yi ta rabuwa. Ta wasu biyu, STAT5 da AKT, yana cewa kar a mutu, alhali irin waɗannan fararen ƙwayoyin ba masu tsawon rai ba ne, wasu kwana ɗaya biyu sun gama aikinsu an share su. Kuma yana sassauta riƙon da ɓargo ke yi wa ƙananan ƙwayoyi sai su fito cikin jini ba su gama nuna ba. Ki haɗa ukun nan ki ba su shekara biyu uku, zuriyar ƙwaya ɗaya ta cika gida. Shi ne 186,000 ɗin da kika gani. Ba ƙarin tsaro ba ne, barikin ne ya cika har masu yin jan jini sun rasa wurin zama, shi ya sa kasala. Saifa kuma can suke taruwa har su mayar da ita wata masana'antar jini ta biyu, ta kumbura ta danne tumbi, loma uku ta ce ta ƙoshi.

Tarihin ma da daɗi. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford a birnin Filadelfiya na Amurka suka lura masu wannan ciwon suna da wani kiromosom ɗan guntu, aka sa masa sunan garin. Shekara 13 ana zaton gutsurewa kawai ya yi, sai 1973 Janet Rowley ta jami'ar Shikago ta nuna musaya ce tsakanin 9 da 22, hotunan kiromosom take yankawa da almakashi ta jera kan teburin cin abincin gidanta. A 1990 aka sa BCR-ABL cikin ɓargon ɓeraye a lab ɗin David Baltimore suka kamu da ciwo irin CML, nan gardama ta ƙare, shi ne direban.

Gado kuwa ki kwantar da hankalinki, ba gado ba ne. Karyewar a ɓargonta ta faru bayan an haife ta, ba ta cikin ƙwan haihuwa, yara ba su da rabo a ciki, kuma ba a ɗauka ta kwano ko shimfiɗa. Abin da aka tabbatar yana jawo shi shi ne tururin nukiliya mai ƙarfi irin na waɗanda suka tsira a Hiroshima da Nagasaki, yawancin masu ciwon kuwa kuskuren ɗinki ne kawai, ba abin da suka ci ba abin da suka yi.

Imatinib kuma, kaines yana da wani aljihu inda ATP ke shiga kafin a ciri fosfet, maganin sai ya shige aljihun ya zauna daram kamar an karya tsinke cikin kwaɗo, mukulli ya zo ba hanya. Haidiroksiyuriya ba haka yake ba, shi rage gudun duk wata ƙwaya mai saurin rabuwa yake, don a sauke adadin da gaggawa, bai san BCR-ABL ba. Mai sikila don wani dalili daban yake shan sa, yana ƙara masa irin himogulobin na jarirai. Amma ki riƙe wannan don Kawu, tsinken ba ya dawwama, jiki yana wanke shi, shi ya sa ake sakawa kullum. Kuma iyayen ƙwayoyin nan na asali wasunsu barci suke a lungun ɓargo maganin bai kashe su ba. 7,000 ba ta nufin sun tafi.

Mai Haƙuri:

'Yata sannu, karanta rubutunki na yi kamar ni kike ba labari. Ni shekarata 11 ke nan kan wannan ƙwayar, na aurar da 'ya biyu ina shan ta, na je Makka ina shan ta. Lokacin da na fara, kyauta ake ba mu Glivec, wato imatinib ɗin kamfani na asali, ƙarƙashin shirin tallafi na GIPAP na kamfanin Novartis da Max Foundation, amma sai an je asibitin koyarwa na Ile-Ife, can aka fara shirin a 2003, mu hau motar dare daga Kano ni da ɗana mu isa ƙafa ta kumbura kamar tulu, ka tarar da mutanen Maiduguri da na Fatakwal duk kan benci ɗaya ana tambayar juna naka nawa ya nuna. Ki tambayi likitan jininku yadda ake shiga tallafin magani, kar ku ji kunya. Akwai kuma na Indiya wanda ba Glivec aka rubuta ba imatinib ne kawai, ɗana ya ce kotun ƙolin can ce ta hana kamfanin mallakar maganin shi kaɗai a 2013 shi ya sa nasu ke da sauƙi, sai dai a saya ta hannun da likita ya yarda da shi.

Farin nan ni ma na yi shi, sai da kishiyata ta ce min Hajiya a girman nan kika fara shafe-shafe, na ɗauko kwalin na ajiye mata a gaba na ce karanta. Da safe kuma idona kumbura yake kamar na kwana kuka, zuwa hantsi ya saɓe, ga ɗaurewar tsokar ƙafa cikin dare, ga tashin zuciya in na kuskura na sha ban ci komai ba. Sai na ci tuwo na ƙoshi in kora da babban kofin ruwa. Da azumi likitana ya mayar min da shi bayan buɗa baki.

Abin da ya sa na yi rubutu dai shi ne maganar Kawu. Ni na yi wannan kuskuren da kaina ba wanda ya sa ni. A shekara ta biyu na ji garau na ce me zan yi da wahalar hanya, na ajiye wata huɗu ban gaya wa kowa ba. Wata na uku zufar dare ta dawo, na huɗu ina ɗaura zani na ji tauri a hagu, na san ta dawo. Da na koma likitan bai yi min faɗa ba, shiru ya yi yana kallon takardar, wlh gara ya zage ni. Allah ya taimake ni maganin ya sake kamawa. Wata da muke zama benci ɗaya ita nata bai sake kamawa ba, Allah ya jiƙanta.

Kuma ba ƙidayar jini ake kallo ba in an yi nisa, akwai gwajin PCR da ke auna BCR-ABL ɗin kansa, so ake ya sauko 0.1 cikin 100 ko ƙasa. Sannan tunda yarinya ce mai miji, ta yi maganar haihuwa da likita tun yanzu, maganin yana illa ga ɗan tayi, kar ta bari sai ciki ya shiga. Rubutu ku sha, addu'a ku yi, ni ma ina yi, amma ba a ajiye ƙwayar.

Baban Yara:

Allah ya ba ta lafiya. Ni fa duk turancin nan bai gamsar da ni ba, wane irin magani ne za a ce sha har mutuwa? Ai wannan ba magani ba ne kasuwa ce, sun san wanda zai warkar gaba ɗaya amma in sun fitar wa zai ci gaba da saya. A haɗa mata da habbatus sauda da zuma da ganyen gwanda a ga ikon Allah, iyayenmu da ba su san wani kaines ba ai sun rayu.

Likita Gobe:

Baba da girmanka, bari in ɗan ce wani abu, ɗalibin likitanci ne ni ajin ƙarshe kuma na zauna a sashen jini. Kafin maganin nan mai CML yakan yi shekara 3 zuwa 5 ciwon na tafiya a hankali, sai ya juye ya zama mai zafi ya tafi da mutum cikin watanni, mafita sai dashen ɓargo ga wanda ya samu mai ba shi kuma ya jure. Iyayenmu ma sun yi shi, sai dai a ce ciwon saifa ne ko kumburin ciki a binne. A 1998 Brian Druker a Oregon ya fara gwada ƙwayar da Nicholas Lydon da abokan aikinsa suka haɗa, cikin mutum 54 da suka sha 300mg ko fiye 53 jininsu ya dawo daidai, aka amince da ita a watan Mayun 2001. Babban binciken IRIS da ya bi marasa lafiya sama da shekara 10 ya samu kusan kashi 83 cikin 100 suna raye. Kuma batun har mutuwa ma ba haka yake ga kowa ba, a Faransa an gwada dakatarwa ga waɗanda PCR ɗinsu ya yi shekaru bai ga komai ba, aka buga sakamakon a 2010, kusan kashi 40 cikin 100 ciwon bai dawo ba, sauran ya dawo yawanci cikin wata shida aka mayar da su kan magani. Amma wannan bayan shekaru ne kuma ana gwaji wata-wata, ba wata biyar ba kuma ba a gida ba. Tsadar maganin kam ka yi gaskiya, likitocin jini sama da 100 ma sun haɗu sun yi ƙorafi a rubuce a 2013.

Malam Ɗan Bayokem ka yi bayani wlh, ƙari kawai zan yi don kar a ɗauka BCR-ABL ne kaɗai. Shi kansa sunan ABL daga Herbert Abelson ne, wanda a 1970 ya samu wani bairos da ke sa ɓeraye sankarar ƙwayoyin B, masu ƙera garkuwar nan ta antibodi, ashe bairos ɗin kaines ɗin ya sato daga jikin ɓera ba takunkumi. Haka kiromosom ɗin Filadelfiya yana fitowa a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na manya masu sankarar jini mai zafi ta ALL. A AML kuma, wata sankarar jinin mai zafi, kaines mai suna FLT3 ne ke lalacewa a kusan kashi 30 cikin 100, shi a bakin ƙofar ƙwaya yake tsaye yana jiran saƙo, in ya lalace sai ya riƙa shelar an yi sallama alhali ba kowa a ƙofar. Wani kaines ɗin JAK2, harafi ɗaya ne ya sauya a gurbi na 617 na jikinsa, an gano a 2005, kusan kashi 95 cikin 100 na masu ciwon yawan jan jini na folisaitimiya bera suna da shi. Akwai kaines ɗin ALK a wata limfoma, wato sankarar ƙwayoyin garkuwa, ta ƙwayoyin T 'yan uwan B, shi ma musaya ce tsakanin kiromosom 2 da 5.

Kaines ɗin da ya fi burge ni BTK ne. A 1952 wani likitan sojan Amurka Ogden Bruton ya ga yaro da ke ta kamuwa da cuta kan cuta, ya auna ya ga kusan ba antibodi a jininsa, sai 1993 aka gano kaines ɗin da yaran nan suka rasa, in babu shi ƙwayar B ba ta girma sam. Toh a sankarar CLL ta dattawa shi BTK lafiyarsa ƙalau bai karye ba, kawai ƙwayar sankarar ce ta rataya rayuwarta a wuyansa, aka ce tunda rashinsa na hana B rayuwa bari a toshe shi da gangan, shi ne ibrutinib da ya fito a 2013. Kun ga wani lokacin kaines shi ne ɓarawon, wani lokacin hanya ce kawai da ɓarawon ba shi da wata sai ita.

Me ya sa sojojin jiki suka fi faɗawa irin wannan? Ɓargo ba ya hutu, biliyoyin ƙwayoyi yake fitarwa kullum, mai yawan ɗinki shi ke yawan kuskure. Su B da T kuma da gangan suke yanka DNA ɗinsu su sake haɗawa don su samu makami na kowace irin cuta, almakashi kullum a hannu. Amma fa ba kowace sankararsu ce ta kaines ba. Wadda ke kumbura wa yaranmu muƙamuƙi, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, umarnin wani furotin mai ingiza rabuwa, MYC, wanda ba kaines ba, ne ke komawa kusa da umarnin antibodi, tsakanin kiromosom 8 da 14, ga bairos ɗin EBV da yawan maleriya suna ingiza ta, imatinib ba zai yi mata komai ba sai kemo.

Farin fata kuma, Anti Autar Mama, aljihun ATP na kaines da yawa kama suke, maganin yana shiga na wani kaines mai suna KIT ma, shi kuma KIT ƙwayoyin da ke yin baƙin fata suna buƙatarsa. A baƙar fata aka fi lura da shi, ba bilicin ba ne.

Autar Mama:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Hajiya Mai Haƙuri rubutunki na karanta wa Yaya a waya sai kawai ta fashe da kuka, ashe kwana tara ke nan ba ta sha ba, Kawu ne ya karɓe kwalin ya sa a aljihun babbar riga ya tafi da shi ita kuma ta kasa musu. Na kira layin da nas ta ba mu an ce ta ci gaba yau kuma mu zo Talata. Malam tambayata, kaines ɗin yana iya sabawa da maganin ne kamar yadda aka ce maleriya ta saba da kulorokwin? Shi ne abin da ya samu abokiyar Hajiya?

Ɗan Bayokem:

Subhanallah. Ta sha yadda aka rubuta mata kawai kar ta ce za ta rama na baya ta haɗa biyu, kuma ran Talata ta faɗa wa likita kwana tara ɗin da bakinta, kar a ɓoye.

Misalinki na kulorokwin ya yi kusa sosai. Ba wai kaines yana da wayon koyo ba ne, lissafin yawa ne. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu ana kwafar umarnin nan kuma ana iya yin kuskuren harafi, shi BCR-ABL kuma yana ƙara dagula masu gyaran DNA, kuskure ya fi yawa a gidansa. In magani ya danne su sun zama 'yan kaɗan, masu jefa ƙuri'ar kaɗan ne. In aka saki suka koma biliyoyi, a ciki sai a dace da guda da aljihunta ya ɗan sauya yadda ATP zai shiga amma tsinken ba zai zauna ba, ranar da aka dawo da magani ya share sauran ita ta gaje gidan. Sauyin da aka fi tsoro T315I, a gurbi na 315 daidai bakin aljihun an cire amino asid tiriyonin an sa aisolusin, shi ya fi ƙiba kuma ba shi da ɗan maƙalin da imatinib ke kamawa. Dasatinib na 2006 da nilotinib na 2007 suna maganin yawancin sauye-sauyen amma wannan ya gagare su, sai ponatinib na 2012. Asciminib na 2021 shi dabara ya canza gaba ɗaya, bai je aljihun ATP ba, ramin da tsohon takunkumin nan ke zama ya je ya cike, ya mayar wa ABL abin da yankan ya raba shi da shi. Sai dai waɗannan kuɗinsu da samunsu a nan ba wasa ba, imatinib ɗin da ke hannu shi ne abin lallaɓawa.

Ɗaya haɗarin kuma, in aka bar su suna yawa kuskure na taruwa a wasu wuraren har a taɓa umarnin nuna, ƙwayoyin su tsaya a jarirai ba sa girma ba sa aiki sai rabuwa, shi ne juyewar da Likita Gobe ya faɗa. A nan kaines ba shi kaɗai ke tuƙi ba, toshe shi ba ya isa. A asibitin Hammersmith na Landan an bi masu shan maganin aka buga a 2010, waɗanda ke tsallake fiye da kashi 10 cikin 100, kwana uku a wata ke nan fa, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suka kai 0.1 ɗin da Hajiya ta ambata, masu sha kullum kuwa sama da 90 cikin 100. Kwana tara sau ɗaya ba ƙarshen duniya ba ne in sha Allahu, maimaitawar ce matsala.

Abu biyu da ake mantawa, kar ta sha garehul, babban lemun nan mai ɗaci, ko ruwansa don yana hana hanta sarrafa maganin ya taru a jini, rifampisin na tarin fuka kuma akasin haka yake, korar sa yake da sauri, duk asibitin da ta je ta nuna kwalin. Jiƙe-jiƙen da Baba ya kawo ma hanta ɗaya za su bi, a tambaya kafin a haɗa.

Mai Haƙuri:

'Yata ran Talata ku tafi da Kawun, ku ce masa likita ne ke son ganin babba a gidan, zai sa babbar rigarsa ya zo. Ku roƙi a nuna masa takardar farko da ta yanzu gefe da gefe. Kwali kuma a raba biyu, rabi a wajenki.